Bakin Ƙofar Ɗakin Amak

Yayana Uda Darwis ya dawo gida da jaka ɗaya da mugun tari, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana girki a jiragen ruwa. Jiki ya tsufa, baki kuwa yana nan. Tun bai cire takalmi a gindin matakala ba ya ɗaga kai ya dubi rufin gidanmu mai ƙahoni irin na ɓauna.

"Niar, ƙahon hagu ya karkace," in ji shi. "Akwai wata hasumiya a Italiya da ta karkace haka, mutane har layi suke yi don su ɗauki hoto suna tokare ta."

"To tsaya ka tokare mana namu, Uda, tunda ba ka da aikin yi."

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. A nan na gane tarin ba na wasa ba ne.

Gidan na Amak ne, mahaifiyarmu, ita ma wajen uwarta ta gada. Yau nawa ne, gobe na 'ya'yana mata. Mu 'yan ƙabilar Minang, a wajenmu ɗaki na mace ne. Yaro da ya yi wayo sai ya koma kwana a ƙaramin masallacin unguwa, in ya yi aure ya kwana gidan matarsa. Matar Uda ta rasu yana teku, don haka zamansa a gidanta ya ƙare. Sai ya ɗauki tabarma ya koma masallacin da ya baro yana saurayi, cikin tsofaffi irinsa.

Ni kuwa ɗakuna sun yi mini yawa, 'ya'yana duk suna Jakarta. Baƙi masu zuwa kallon gidajen garinmu nake saukewa, maza da mata, tunda al'ada ba ta hau kan baƙo ba.

Kullum da safe Uda zai hau ya zauna a dogon zauren gidan, in kawo masa kofi da soyayyar ayaba, ya tara baƙina yana zuba. Ya ga dalar Masar. Ya ga tagwayen benayen Kuala Lumpur, har hularsa ta faɗi garin kallo. Ya ga wani farin gini a Indiya da ya sa shi yin shiru, wai sai daga baya aka gaya masa kabari ne. Daga nan sai ya ja su ƙarƙashin gidan ya nuna musu ginshiƙai zaune kan duwatsu, ba a binne su ba. "In ƙasa ta girgiza, rawa kawai yake yi," yana faɗa yana shafa katako kamar shi ya sassaƙa.

Da muka dawo daga wajen likita a Padang, mun riga mun san ciwon ba na tashi ba ne. Damina ta kama, daɓen masallaci kuma sanyi ne da shi. Na share ɗakin Amak, na shanya katifa, na daina ba baƙi shi. Har wajen dattijon danginmu na je, ya ce lalura ce, babu mai magana.

"Na gyara maka ɗakin Amak," na ce wa Uda.

"Ni? Kawun 'ya'yanki guda, a ɗakin mata? So kike abokaina su saya mini ɗankwali?"

"Su saya, zai yi maka kyau. Tashi mu je."

Ya tashi kuwa. Ya taka a hankali har bakin ƙofar, ya dafa katakon, ya leƙa. Ya daɗe a haka. Na ga ya ɗaga ƙafa, sai ya mayar da ita inda take.

"Ashe tagar ta gabas take," ya ce. "Duk shekarun nan ina tuna ta ta yamma."

"Shiga mana, Uda."

"Har yanzu ƙanshin man kwakwarta yana nan."

"Na ce ka shiga! Kai da ka kwana a bene mai taɓa girgije a Dubai, ƙofar katako ce za ta gagare ka?"

"Can baƙo ne ni, Niar. Nan an san ni."

Na yi faɗa, na yi kuka, na kira shi mai taurin kai, ɗan Amak na gaske. Ya tsaya yana murmushi har na gaji. Hali zanen dutse. Mutumin da ya zaga duniya, aka buɗe masa ƙofofin da sarakuna suka gina, ya kasa tsallake dokin ƙofar da aka haife shi a bayanta. Na ji haushinsa, kuma tausayinsa ya kusa kashe ni.

Na ci gaba da share ɗakin kowace safiya. Shi kuma ya ci gaba da zuwa shan kofi, sai dai ya sauya wurin zama, ya koma inda zai riƙa hango gefen gadon.

Wata Talata bayan sallar azahar ladan ya zo da kansa, hula a hannu. Ban bari ya gama magana ba.

Gawar namiji gidan uwarsa ake kawo ta, wannan kam haƙƙinsa ne. Mazan danginmu suka hau da shi matakala a kafaɗa, suka nufi tsakiyar zaure inda aka yi shimfiɗa. Na sha gabansu.

"Ba nan ba. Ɗakin Amak za ku kai shi, ko na ɗan lokaci ne."

Ba su yi musu ba, Allah ya saka musu da alheri. Suka juya da shi har bakin ƙofar, sai suka tsaya. Na gaba ya dubi na baya, na baya ya dubi ƙasa. Dukansu 'ya'yan gidan nan ne, dukansu a masallaci suka girma.

"Ki yi haƙuri, Uni," in ji ƙanenmu da ke cikinsu, haka ƙanne ke kiran babbar yaya mace a wajenmu. "Ƙafata ta ƙi."

Suka mayar da shi zaure suka kwantar. Ni kuwa ba zan iya ɗaukarsa ni kaɗai ba.