Baƙuwar da ta zo daga Surgut

Tun da ɗanta Jovid ya rasu a wajen aikin gini a Rasha, Gulandom ta mayar da gidanta na Dushanbe masaukin baƙi, don shirun ya ishe ta. Matafiya kan zo daga ƙasashen sanyi, wasu ma a kan keke, su baje a tsakar gida suna yabon rana da duwatsu.

"Ikon Allah!" in ji maƙwabciyarta Sanavbar ta kan katanga. "Namu suna can sanyi na cin su, nasu sun zo nan suna gasa kansu kamar tsire."

Inabin rumfar tsakar gidan bai kai ga nuna ba wata baƙuwa ta sauka, Darya, daga garin Surgut na Rasha. Ita ba ta zuwa kasuwa, ba ta ɗaukar hoto. Sai ta zauna tana shan hantsi, tana bin bangon gidan da kallo.

Wata safiya Gulandom ta kawo mata shayi da gurasa mai zafi. Darya ta dubi tanderun da ke lungu ta ce, "Inna, a nan ya ƙona hannunsa?"

"Wa?"

"Jovid. Ya ce garin satar gurasa ne yana ƙarami."

Gulandom ta ajiye butar a hankali, ta zauna a ƙasa. "Ina kika san ɗana?"

"Aure za mu yi. Kullum cikin ƙanƙara maganarsa ke nan, zai kawo ni garinsu in ga yadda rana take."

"Bai taɓa faɗa mini ba."

Darya ta sunkuyar da kai. "Tsoro yake ji. Ya ce kin ce ranar da ya kawo miki 'yar Rasha, ya nemi wata uwar."

Gulandom ta tuna. Ta faɗa ɗin, a waya, tana dariya, shi ma ya yi dariya. Ashe yaron ya riƙe maganar har ya koma ga Allah. Ta kama hannun Darya ta ɗora a fuskarta, suka yi ta kuka har shayin ya huce.

Bayan la'asar Gulandom ta yafa wa Darya gyalenta, suka nufi maƙabartar da aka binne Jovid bayan an kawo gawarsa gida. A ƙofa suka ci karo da Sanavbar.

"Yau kuma baƙin naki kaburbura za su gani?"

"Surukata ce," in ji Gulandom.

Sanavbar ta dubi idanunsu, ta koma ciki ta ɗauko nata mayafin ta bi su.

A bakin kabarin Darya ta rasa yadda za ta yi da hannuwanta. Gulandom ta buɗe mata su, ta yi addu'ar a madadinsu duka.

Ranar tafiya Gulandom ta cika mata jaka da busasshen inabi da gyaɗa.

"Ki tsaya inabin bana ya nuna mana, 'yata."

"Aiki na jirana, Inna."

"To baɗi?"

Darya ta rungume ta, ta shiga mota. Gulandom ta tsaya har motar ta sha kwana. Ta shiga ɗakin da Darya ta sauka don ta cire zanin gado, sai ta zauna a bakin gadon, ba ta cire ba.