Kwaɗon Mai Walda

Shugaban aiki ne ya yanke kwaɗon mai walda daga jikin bawul, da hannunsa, da rana tsaka, ba tare da ya ga mai kwaɗon ba. Duk wanda ya ce kuskure ne, rufa masa asiri yake yi. Shekara ashirin da biyu yana aikin bututun gas, ya san doka sarai.

Dokar ba ta da wuyar ganewa. In za a gyara bututu, sai a rufe bawul, wato makullin da ke tsayar da gas, a fitar da gas ɗin da ya rage a ciki, a ɗaure kan bawul ɗin da sarƙa. Duk wanda zai shiga rami ya maƙala nasa kwaɗon a sarƙar, ya tafi da mabuɗin a aljihu. Ba a sake gas sai kowa ya dawo ya cire nasa. Muddin akwai kwaɗo ɗaya, to akwai mutum a kan bututu.

Ran nan mutum biyar suka shiga gyara, kilomita uku daga tashar bawul. Zuwa azahar huɗu sun dawo sun cire nasu. Saura na tsohon mai walda, wanda kowa ke kira Baba.

Mai kula da bawul, wani magidanci mai 'ya'ya uku da ake kira Shiru saboda ƙarancin maganarsa, yana tsaye kusa da sarƙar. Shugaban aiki kawunsa ne, wan mahaifiyarsa, kuma shi ya nema masa aikin.

"Ina Baba?" in ji shugaban.

Mai haƙa rami, ɗaya daga cikin huɗun da suka dawo, ya ce, "Mun baro shi yana naɗe wayar injin walda. Ya ce yana tafe."

Shugaban ya kira Baba ta oba-oba, rediyon hannu, sau uku, ba amsa. Daga ofis kuma ana ta kiransa ana tambayar yaushe za a saki gas.

"Na san halinsa," in ji shi. "Yana can gindin bishiya ya miƙe ƙafa, mabuɗi a aljihu. Ba yau ya fara ba. Kawo min almakashin ƙarfe."

Shiru ya ce, "Kawu, a tura mota ta dubo shi. Minti goma ne."

"Minti goman ubanka ne? Kai za ka amsa wa ofis?"

Ba wanda ya miƙo almakashin, sai ya ɗauko da kansa. Ya datse kwaɗon, ya faɗi ƙasa. Ya nuna wa Shiru bawul. "Kwance sarƙa ka buɗe."

Shiru ya zura hannu a aljihu, ya fito da nasa kwaɗon, ya maƙala a inda aka yanke na Baba, ya danna shi ya kulle.

"Kai, ɗan nan, ka haukace ne?"

"Kawu, ka yi haƙuri. Sai na ga Baba da idona."

"Ni na ɗauke ka daga zaman banza na sa maka wannan hular! Yau ni za ka kunyata gaban leburori?"

"Haka ne, kai ka sa min. Kai ne kuma ka koya min wannan, ranar da na fara. In za ka yanke nawa, ga shi nan, amma ina tsaye za ka yanke, kowa na gani."

Shugaban ya ɗaga almakashin. Mai haƙa rami ya matso ya maƙala nasa kwaɗon kusa da na Shiru. Sauran ukun suka bi bayansa. Shugaban ya sauke almakashin. Direban motar aiki, wanda ba shi da kwaɗo, ya ce, "Ni dai ba ni da abin maƙalawa, amma motata tana da mai. Shiru, shigo."

Tun kafin su isa suka ji ƙarar injin goge ƙarfe. Baba yana cikin rami, durƙushe, tartsatsi na tashi ta ko'ina. Yana shirin tafiya ne ya sake duba ɗinkin waldar da ya yi, ya ga 'yar tsaga kamar silin gashi. Bai yarda ya bar ta ba. Ya goge wurin har ya ɓula, zai sake cikewa. Oba-obarsa tana cikin rigarsa a bakin rami. Da an buɗe bawul, da gas ya fito ta wannan ɓular ya tarar da wuta a hannunsa.

Ya kashe injin, ya ɗaga gilashin fuska. "Lafiya? Kun zo taya ni ne, ko kun zo kallo?"

Direba ya faɗa masa. Baba ya ajiye injin. Ya laluba aljihu, ya fito da mabuɗinsa, ya daɗe yana dubansa.

"Wa ya hana?"

Direba ya nuna Shiru da baki.

"To," in ji Baba. "Miƙo min waccan wayar waldar, in gama. Aikin da aka fara ba a barinsa da ɓula." Amma sai da ya zauna tukun.

Da yamma labari ya riga Shiru isa gida. Mahaifiyarsa tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, matarsa na kwashe shanya.

"An ce ka tozarta yayana."

"Inna, mutum ne a cikin rami."

"Da rai ya fito?"

"Da ƙafarsa."

Ta ce, "Yaya zai yi fushi da ni shekara guda, na sani. Ya yi." Ta juya wajen surukarta. "Ke, zuba wa mijinki abinci, ki cika masa kwano."

Ba abin da Shiru ya ƙara a kan doka, bin ta kawai ya yi a ranar da bin ta ke da tsada. Irin waɗannan mutane su ne suke sa ma'aikaci ya koma gida da yatsunsa goma.

Kwamitin bincike ya zauna kwana biyu. Shugaban ya ce ofis ne ya matsa masa. Aka ajiye yankakken kwaɗon a gabansa, aka tambaye shi ko ofis ne ya riƙe almakashi. An kore shi daga aiki, an soke takardar shaidarsa, kuma an hana shi sake taka filin bututu.