Sau Huɗu Ƙofar Ta Buɗe

"Dariya kika ƙirga?" in ji Mista Kucera. Ya so ya yi tsaki, tari ya riga shi. "Shekara huɗu a jami'a, an aike ki silima, kin dawo min da dariya."

Ina tsaye a falonsa da takarda a hannu, ko rigar sanyi ban cire ba. Tun da asibiti suka ce ya koma gida ya huta, 'yarsa Lorna ta sa aka ajiye gadonsa bakin taga, inda yake hango titi da shingen katakon da ya raba gidansa da namu.

"Sau saba'in da ɗaya suka yi dariya," na ce. "Cewa ka yi in zauna a kujerarka in ƙirga. Ba ka faɗi abin da zan ƙirga ba."

"Na ɗauka Farfesa ta san komai."

Sunan da ya laƙaba min ke nan tun da na dawo garinmu na shiga kwamitin silima. Silimar ɗaya ce tak, ɗaki guda, kujera ɗari da tamanin, kuma ta mutanen gari ce. A wannan Juma'ar, washegarin bikin godiya da ake yi a ƙasarmu ƙarshen Nuwamba, kowa ya ƙoshi da naman talotalo, muka fara nuna wani fim na barkwanci wai shi *Wa Ya Manta da Kaka a Gidan Mai?* Kamfanin fim ɗin ya ba mu zuwa tsakar ranar Litinin: ko mu riƙe shi mako biyar har bayan Kirsimeti, ko mu sake shi. In muka riƙe aka bar mu da kujeru ba kowa, kuɗin ɗumama ɗakin zai gagare mu, kafin sanyi ya wuce mun rufe.

Ni so nake a sake shi. Masu sharhi sun ce shirme ne, na kuwa yarda da su. Akwai fim ɗin da na yi wata uku ina nema, a kan takin zamani da ke gangarawa cikin rijiyoyi, kuma waɗannan makonnin nake hari. Garin da kowa ke lodin ruwan gora a bayan mota, amma ba mai buɗe baki ya tambayi me ya sami na famfo! An fi son a je a ga tsoho yana bin mota da gudu.

Sai dai shekara arba'in da ɗaya Orval Kucera ne ke yanke wannan hukunci. Shi ke kunna majigi, sannan ya sauko ya zauna a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Ba ya karanta sharhi. In an tashi sai ya ce "riƙe" ko "saki", kuma an ce sau biyu kacal ya taɓa kuskure. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Na tambayi kowa yadda yake yi, amsar ɗaya ce: "Ai Orval ne." Ba wanda ya taɓa damuwa ya sani.

"To me kake ƙirgawa?" na ce.

Ya dubi ƙofar kicin. "Lorna, kina jin mu?"

"Ba na jin komai, Baba. Sha ruwanka."

Ya yafito ni, na sunkuya. "Dariya ƙarya take yi. Uban da ya biya tikiti biyar dole ya yi dariya, ko don kada matarsa ta ce ta faɗa masa. Ƙofa za ki ƙirga."

"Ƙofa?"

"Kin ga kofin lemon da muke sayar wa yara? Ya kusa kai bokiti. Minti arba'in sai ya nemi hanyar fita. In fim bai kama yaro ba, zai ja hannun uwarsa, banɗaki. In ya kama shi, sai ya matse ƙafa ya zauna. Mafitsarar yaro ba ta san kara ba."

Na tsaya ina kallonsa. "Shekara arba'in kana tafiyar da silimar gari da fitsarin yara?"

"Arba'in da ɗaya. In ƙofa ta buɗe sama da sau talatin, saki. Ƙasa da goma, riƙe. Tsakani kuwa, sai ki dubi sama ki ga ko za a yi ƙanƙara."

"Wannan ba ilimi ba ne, Mista Kucera."

"Ilimi ne mana, takarda ce kawai ba su ba ni ba." Ya lalubo wani guntun fensir a kan teburin magunguna ya miƙo min. "Gobe ƙarfe biyu, lokacin yara. Ki zauna ke kaɗai. Ki kawo min lambar."

"Ka san fa so nake ya faɗi."

"Na sani. Shi ya sa ba za ki yi barci a kujerar ba."

Ranar Asabar ɗakin ya cika, ko'ina ƙamshin gugguru da man shanu. Kujerarsa ta lotsa ta gefen hagu, inda ƙofa take. Na riƙe fensir ina jira, ina ƙin kallon allo. Minti ashirin, wata uwa ta fita da jariri. Ɗaya. Wani uba ya fita amsa waya, na yi ta shawara, na dai rubuta. Biyu.

Minti arba'in ya wuce. Sai na fara lura da abin da ban taɓa gani ba duk shigata ɗakin: layi bayan layi, kawunan yara suna rawa. Gabana wata yarinya mai kitso biyu ta harɗe ƙafafu, tana lilo a kujera.

"Tashi mu je, Josie," uwarta ta raɗa mata.

"A'a! Kaka zai hau akuyar!"

"Za ki jiƙa wando."

"Na ce a'a!"

Na ɗaga kai in ga wace akuya ce. Ban so ba, amma na yi dariya. Da aka kunna fitilu, zane huɗu kawai na yi a bayan tikitina, kuma yara suka yi banɗaki a guje har suna ture juna. A layi na shida mai shara ta tsaya, hannu a ƙugu, tana kiran a kawo mata tsumma, wani yaro ya jiƙa kujera.

Da ƙafa na koma, a hankali. Ba wanda ya ga tikitin sai ni. In na ce talatin da biyu, wa zai musa? Na maimaita lambar a bakina har sau uku a kan matakalar gidansa, in ji yadda za ta fito.

Lorna ta buɗe ƙofa. "Tun azahar yake barci, Marnie. Nas ta ce ƙila ba zai farka ba. Shigo dai, sau biyu ya tambaye ki kafin barci ya ɗauke shi."

Na zauna gefen gadon. Numfashinsa na fita, ya tsaya, ya dawo. Ban faɗi ko wace lamba ba. Ranar Lahadi da hantsi, ana buga ƙararrawar coci, na hango Lorna ta tagarmu ta fito ba riga mai kauri, ta tsaya jikin shingen. Mahaifiyata ta ajiye kofin hannunta ta fita wurinta. Mista Kucera ya cika.

Litinin ƙarfe goma sha ɗaya kwamiti ya zauna a ofishin silima. Misis Vondra, shugabarmu, ta ajiye wayarta a tsakiyar tebur, idanunta jajir.

"Ke kika ga Orval ƙarshe a kan maganar nan. Me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"To mun shiga uku. Ke kuma mun san ra'ayinki, kin ishe mu da shi. A saki fim ɗin ke nan?"

Fensir ɗin yana aljihuna, ina juya shi.

"Huɗu ne," na ce.

"Huɗu me?"

"A riƙe shi. Har da kujera ɗaya da ta jiƙe."

Suka dubi juna. Ba wanda ya tambaye ni ma'anarsa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Misis Vondra ta ɗauki waya don ta kira kamfanin fim ɗin. Kafin ta danna na sa ta rubuta cewa makon farko na Fabrairu na fim ɗin rijiya ne, ko da mutum goma za su zo.

Aka binne Mista Kucera ranar Alhamis. Asabar da ƙarfe biyu na sake zama a kujerar da ta lotsa. Ɗakin ya cika har layin gaba. Josie ta dawo, wannan karon da kakanta, ga ƙaton kofi a cinyarta. Aka kashe fitilu. A hagu da ni wani siririn haske yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya kwanta a kan kafet, bai motsa ba, ba wanda ya buɗe ƙofar.