Kore Shar

Oga Surajo ya buga tafi shi kaɗai a gaban kwamfuta, tumbinsa na rawa cikin shaddar da ta sha guga.

"Kin gani ko, Naja'atu? Kore shar! Manoma na son irinmu."

Irinmu wai! Irin albasar da kamfaninmu ya sayar bara tun daga Jega har Aliero, ya yi ganye luf-luf gwanin sha'awa, da aka tona ƙasa babu kai ko na rantsuwa. Ni aikina a ofishin nan in kwaso abin da mutane ke rubutawa a kanmu a Fesbuk, in zuba wa wata manhaja ta tace. Yabo ta shafa masa kore, kuka ta shafa masa ja. Da wannan rahoto masu kamfanin, can Legas, za su yanke ko a sake sakin irin bana ko a janye shi.

Na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk bakinsu ɗaya: "Allah ya saka mana." Sakarar manhajar da ta ga "Allah ya saka" sai ta ɗauka godiya ce, irin ta "Allah ya saka da alheri". Ina ta san cewa wanda aka cuta, ya rasa mai ƙwato masa haƙƙi, shi ke kai ƙara da wannan magana? A cikinsu har da saƙon mahaifina, Malam Labbo na Sabiyal, wanda bai taɓa riƙe babbar waya ba. Ya roƙi maƙwabcinsa Garba ne ya rubuta masa.

Na ce, "Oga, ai wannan ba yabo ba ne. Allah ya isa ce suke mana."

Ya kalle ni sama da ƙasa, ya yi 'yar dariya.

"Ni fa ɗan Maiyama ne, ba ke za ki koya mini Hausa ba. Su na Legas ne ba su ji, kuma kore suke son gani. Ga sito cike da ragowar iri, ƙona shi za mu yi? An canza masa leda, shi ke nan. Sa hannu a rahoton. In kuma kin gaji da kujerar, masu digiri na nan birjik suna jira."

Wallahi na raina mutumin nan. Uwarsa a ƙauye take, da wannan yaren ta goya shi, amma ya sayar da kunnensa saboda sanyin ofis. Na raina shi sosai, sannan na ɗauki biro na sa hannu. Biron bai ko yi gardama ba.

* * *

Bayan sati uku na je gida. Na tarar da Baba a fadama, tsugune bakin fangalin da zai yi renon irin albasa, ya lallasa ƙasar ta yi laushi kamar gari. Wannan 'yar gonar ita ke ciyar da gidanmu, kuma bara ba ta ba shi komai ba. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ɗiyata! Kun ga abin da munka rubuta?"

"Mun gani, Baba."

"To, madalla." Ya zaro leda daga aljihu, sabuwa fil, mai hoton jar albasa ƙatuwa. Tambarinmu ne a jiki. "Garba cewa ya yi kar in kuskura in sake. Nic ce mai, ɗiyata na ciki, ita ka karanta kukanmu da kanta. Ga shi kuwa har sun canza iri."

Kalma uku kawai ake bukata, Baba kar ka. Amma in na faɗe su, zai tambayi yadda aka yi na sani, sannan ya tambayi me na yi da na sani. Na tsaya ina kallon takalmina mai tsini yana nutsewa a laka.

Ya yi bismilla, ya yage ledar da haƙori, ya barbaɗa baƙin irin a hankali, ba ya barin ko ƙwaya ta faɗi waje. Ya rufe da ƙasa, ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya turo mini bokiti.

"Zuba mai ruwan fari da hannunki, ke mai ilimi. Ko ya yi albarka."

Na karɓi bokitin. Na zuba.