Abin da Hannelore Ta Rubuta

Shekara huɗu bayan an rushe katangar Berlin, Ortrud ta samu izinin karanta takardun da 'yan leƙen asirin Jamus ta Gabas suka tara a kanta. Shafi ɗari huɗu da sha ɗaya. Tana juya su ɗaya bayan ɗaya har ta iso wani shafi, sai hannunta ya tsaya cak.

"Ranar Lahadi ta gasa kek ɗin tuffa, ya ƙone ta ƙasa. Muna kankare shi ne ta gaya mini ranar da ita da mijinta za su tsallaka Yamma."

Mutum ɗaya ce ta ci kek ɗin nan tare da ita. Hannelore, wadda suka taso gida ɗaya a unguwar Pankow, suka zauna benci ɗaya a makaranta. Saboda layukan nan biyu aka tsare motar da suka ɓuya a ciki, aka ɗaure Ortrud shekara biyu, mijinta Volkmar ya mutu a kurkuku, aka kai 'yarsu Silke gidan marayu. Da Ortrud ta fito, Hannelore ce ta tarbe ta a ƙofa da kuka, ta yafa mata rigar sanyinta.

Yanzu da ta karanta shafin, Ortrud ba ta yi kuka ba. Ta nemi a kwafe mata shafin guda hamsin.

A lokacin Hannelore ta samu sana'a. Tana zagayawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido inda katangar take a da, tana ba su labarin wahalar da aka sha a Gabas. Labarin da ya fi jawo mata tafi kuwa shi ne na "aminiyata da aka ɗaure".

Ranar Asabar da hantsi Ortrud ta shiga cikin baƙin, ta tsaya daga baya. Hannelore ta hango ta, fuskarta ta washe.

"Jama'a, yau kun yi sa'a! Ga ta nan da kanta. Ortrud, matso mana ƙawata, ki daina ɓuya kamar sabuwar amarya."

"Ga ni," in ji Ortrud. "Ƙarasa musu. Wa ya tona mana asiri?"

"Ai har yau ba a sani ba."

"To ni na sani."

Ta buɗe jaka ta shiga raba takardun, kowa guda, har da wani dattijo da ba ya jin Jamusanci. Sannan ta karanta da ƙarfi, a hankali, kamar mai koya wa yara karatu. Hannelore ta dafa ƙarfen da ke gefenta.

"Ortrud, don Allah ba a nan ba."

"A ina kike so? A kicin ɗina, inda kika saba ɗaukar labari?"

"Tilasta mini aka yi. Sun ce za su kori ɗana daga jami'a."

"Ɗanki likita ne yanzu, na gani. Tawa 'yar kuwa har yau ba ta iya ce mini Mama, sai Ortrud, kamar maƙwabciya. Shekara goma sha ɗaya kina shan shayina kina share mini hawaye, munafuka. Har labarin nawa ma ba ki bar mini ba, shi kike sayarwa."

Baƙin suka fara zamewa. Wata mata ta linke takardarta ta sa a jaka, ta wuce ba ta kalli Hannelore ba.

Cikin mako guda aka sallami Hannelore daga aikin. Sau uku tana zuwa gidan Ortrud tana danna ƙararrawa, Ortrud tana kallonta ta taga har ta gaji ta tafi. Kafin hunturu ya shigo ta tattara ta koma garin Rostock, wajen ƙanwarta.

Ɗan Hannelore, likitan nan, ya kira Ortrud a waya. "Anti, ta bar miki garin. Ba ta iya cin abinci. Bai isa haka ba?"

"Ka gaishe ta," in ji Ortrud, ta ajiye wayar.

Ta ɗauki wata biyu kafin ta gano gidan da Hannelore ta kama a Rostock, da sunayen maƙwabtanta. Ranar Litinin ta sa kwat ɗinta mai kyau, ta tafi gidan waya da ambulan goma sha biyu, kowanne da kwafin shafin a ciki da sunan maƙwabci guda a bayansa, ta tsaya a layi tana jiran a zo kanta.