Waɗanda Ba Su Hau Bene Ba

Takalman ƙofar masallaci ne suka hana Dakta Mirfat fitowa daga mota. Ranar Juma'a ce, tana jiran mai gari ya idar da salla, sai idonta ya faɗa kan wani silifa ƙafa ɗaya, da sandar guragu jingine a gefensa. Can gaba ga wani. Ga wani kuma. Ta ɗauka yara ne suka watsa su, ta bi layin da ido tana neman 'yan'uwansu, babu.

Bara ta zo ƙauyen nan namu na kudancin Masar da tawagarta daga Alƙahira, tana binciken yadda ciwon suga ke cin talaka da yadda yake cin mai hali. Ta ce kowane gida ya turo mutum ɗaya a auna jininsa. Sakamakon ya ba kowa mamaki: wai manoman da ko takalmin kirki ba su da shi sun fi attajiran birni lafiya nesa ba kusa ba. Aka tafa mata a taro. Hukuma ta karanta rahoton, ta ce madalla, ta janye motar asibitin da ke kawo mana allurar suga duk mako, ta tura ta inda aka ce an fi buƙata. Yau Mirfat ta dawo ne don ta gano abin da muke ci da ya kare mu. Kare mu fa!

Mai gari Alhaji Abdulgaffar ya fito yana washe baki, ya rantse ba za ta taɓa aiki ba sai ta hau sama ta ci tattabaru kamar bara. Ba ta ko amsa gaisuwar sosai ba, ta nuna masa takalman. Ya ce ai suga ne, kamar mai ba da labarin zafin rana.

"Alhaji, ina mutanen nan suke bara?"

"Suna gidajensu mana, Dakta. Wa zai ɗauko mai ƙafa ɗaya ya hau bene da shi?"

Nan ta gane. A wurinmu ba a zaunar da babban baƙo a ƙasa, inda warin shanu ke shigowa. Ɗakin sama ake buɗe masa, mai fanka da kilishi sabo, kuma can mai gari ya sa aka kafa kayan awon. Matakalar kuwa siririya ce, ko abin dafawa babu. Mai kumburin ƙafa, da wanda idonsa ya soma dishi-dishi, da tsohuwa mai haki, duk suka yi zamansu. Kowane gida ya tura wanda ya fi ƙarfi, don kada a ce sun bar likitocin Alƙahira suna jira. Alhaji har da bugun ƙirji ya faɗa mata cewa bai bari ta ga abin da zai ɓata mata cin abinci ba. Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya fi ba ni haushi.

Ta ce a kai ta gidan ɗaya daga cikinsu, yanzu.

Tun daga ƙofar gidan Baba Subhi ta gane warin ruɓewar nama, ta san shi a asibiti. Tsohon yana kwance a kan benci, ƙafar hagu an yanke ta daga gwiwa, ta dama an naɗe da tsumma. Ta durƙusa ta warware. Yatsu sun yi baƙi ƙirin, baƙin ya soma haurawa. Matarsa Ummu Rajab ta ce da ana kawo allura ƙafar lafiyarta ƙalau, har gona yake leƙawa da sanda. Tun da mota ta daina zuwa sai dai ganyen shayi da addu'a, asibitin gari kuma ya yi wa mai ƙafa ɗaya nisa. Mirfat ta sake duba yatsun. Tsoro ne ya kama ta, tsoro da kunya, don ta san ƙafar nan da wuya ta kai sallar layya.

Shi kuwa tsohon haƙuri ya shiga ba ta, wai bara bai samu ya hau ya gaishe ta ba, sai ɗansa ya tura. Sannan ya jawo hannun rigarta, ya rage murya.

"'Yata, ke da kike da hanya a Alƙahira. An ce wani likita ne ya rubuta wa hukuma cewa lafiyarmu lau. Ki bincika mana ko wane ne, ki roƙe shi ya zo ya gan mu, ko sau ɗaya."

Mirfat ta mayar da tsumman ta naɗe ƙafar.

"Zan bincika, Baba," ta ce.

Ya juya wajen matarsa, fuskarsa ta saki. "Ban gaya miki ba? Tun daga sallamarta na san 'yar mutunci ce."