Tauraron da Ya Ƙi Dannuwa

Auta ce ta haɗa wa mahaifinta shafin, da yake zanen shafukan intanet ne sana'arta. Jikokinsa na nesa za su riƙa turo muryoyinsu, shi kuma ya danna maɓalli ɗaya ya saurara. Da farko maɓallin faffaɗa ne, ya kusa kai tafin hannu. Sai ta ga bai yi kyau ba, ta datse shi ya koma siririn tauraro. A manhajar zanenta, layin da ke kewaye da shi bai ragu ba, don haka ta ɗauka ko gefensa aka danna zai amsa. Ba ta gwada ba.

Da ta kai ziyara, sai ta tarar an lulluɓe kwamfutar da mayafin Mama.

"Baba, kun ji waƙar da ƙaramar jikarku ta turo?"

"Ina fa," in ji shi. "Zo ki ga abin kunya."

Tsohon tela ne, bara hannunsa ya fara rawa. Ya kama linzamin kwamfutar, kibiyar da ke allon ta nufi tauraron tana karkarwa, ta zame tsakanin tsinayensa, ya danna. Shiru. Ya sake. Shiru.

"Hannun da ke zura zare a allura ko da ido rufe, yau ya kasa kama tauraro," ya faɗa yana murmushin yaƙe.

Mama ta leƙo daga kicin. "Tun da abin nan ya gagare shi ya ce shi ke nan, ya gama aiki. Keken ɗinkinsa ma ya kyautar."

Nan take Auta ta gano matsalar. Ashe wurin da ta datse ba ɓacewa kawai ya yi daga ido ba, ya daina jin dannawa ma. Ta jawo kujera, ta cire datsewar, maɓallin ya koma yadda yake da.

"Ku sake gwadawa."

Dannawa ɗaya, muryar yarinya ta cika falon. Baba ya yi dariya har da tari.

"Baba, ba hannunku ba ne. Ni ce na ɓata aikin."

Ya dafa kanta. "Allah ya yi miki albarka, Auta. Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba."

Ta rantse, ta nuna masa a allon, amma bai yarda ba, shi dai gyaɗa kai kawai yake don kar ta ji babu daɗi. Mama ta kawo abinci, har ya huce Auta tana juya cokali.